Kawu Anupras da Rabon Tururi

Duk ranar da za a dafa giya a ƙauyenmu na gefen garin Pasvalys, kafin shanu su fita kiwo Kawu Anupras ya riga ya tsaya bakin rijiya. Ba ya gaggawar hura wuta. Sai ya lashi yatsa ya ɗaga ya ji inda iska ta dosa, ya ƙwanƙwasa itace ya ji ko ya bushe. Sannan ya zura sandar awonsa cikin ƙatuwar tukunyar tagulla, ya ƙara ruwa a kan abin da ake bukata. Wannan ƙarin shi yake kira rabon tururi.

"Tukunya ma tana shan nata," in ji shi. "In ka hana ta, a naka za ta ɗiba."

Ni maƙwabciyarsa ce, shinge ne kawai tsakaninmu. Tun ina amarya nake ganin hayaƙinsa. Babu biki ko zaman makoki a ƙauyen nan da ba a sha giyar sha'irinsa ba, kuma bai taɓa zama a teburin manya ba. Yana can baya wajen ganguna, hula a hannu.

Sau ɗaya na ga lissafinsa ya kuskure. Shekarar da Juozapas ya rasu, matarsa Bronė ta roƙe shi giyar addu'ar cika wata. Ana tsakiyar dahuwa iska ta juya, wuta ta haukace, tukunya ta shanye fiye da rabonta. Ya zura sanda, ya zaro, ya ga giyar ba za ta isa ba.

"Ƙara ruwa kawai, Anupras," in ji Bronė. "Wa zai gane?"

"Mijinki zai gane. Da ransa ma ba a yi masa haka ba."

Ranar addu'ar sai ga shi yana gangaro wata ganga daga rumbunsa. Duk mun san ta. Ita ce ya ajiye wa ɗansa Vilius, wanda ya daɗe yana aiki a ƙasar Nowe. Da Vilius ya iso Kirsimeti ya leƙa rumbu ya ce, "Baba, ina tawa?"

"Juozapas ya riga ka."

Vilius ya yi ta dariya har ta koma masa hawaye.

Kai ne, Anupras, mai ƙamshin hayaƙi, wanda bai taɓa bari wani ya ji kunyar baƙinsa ba. Kai ka shayar da mu lokacin da tebura ke kaiwa har bakin titi, mai molo na kiɗa, yara na tsere tsakanin itatuwan tuffa. Yaran nan duk sun tafi. Gidajensu a kulle, ciyawa ta kai taga.

Bara da aka yi bikin jikar Bronė, teburi ɗaya ya ishe mu. Na ce masa, "Kawu, ka ɗauki ƙaramar tukunyata mana, me za ka yi da wannan uwar?"

Ya ce, "Maƙwabciya, ita ba ta san mun ragu ba. Ko na cika ta ko na zuba rabi, abin da take sha ɗaya ne. Bar ta, kar ta ji labari."

Bana kafaɗarsa ta ƙi ɗaukar guga. Ya wanke tukunyar ya kife ta a rumbu. Da safe nakan duba ta kan shinge, babu hayaƙi, sai shi zaune a benci yana kallon hanya.

Mun gode, Kawu. Allah ya ƙara lafiya.

Ku kuma 'ya'yanmu da ke Nowe da Ingila, wani ya zo ya koya tun mai koyarwar yana nan. Na tambaye shi ko zai iya. Ya ce hannu ne ya gaji, baki bai gaji ba. Ku zo ya yi muku faɗa.