Jiragen Roba a Bakin Tiga

Shekarar da aka kawo sababbin jirage bakin madatsar ruwa ta Tiga, ina sayen hatsi ne a Kiru ina kaiwa Kano. Direban da ke ɗaukar mini kaya ne ya ba ni labari. Ya ce wani kamfani daga kudu ya baje jiragen roba a bakin ruwa, har da waɗanda ba su da inji, iska ce ke tura su. Duk wanda suka ga da gaske yake kuma, sai su zaga da shi cikin ruwa ya gwada.

Ban zame ko'ina ba sai gidan yayana. Shi dillalin shanu ne, a kasuwar Tudun Wada ya yi furfura. An haife mu ne a wani ƙauye da ruwan madatsar ya cinye. Ni a goye aka fito da ni, shi kuwa har ya fara kiwo. Masunta sun sha gaya masa cewa in ruwa ya janye da bazara, kan dutsen da ke bayan gidanmu yana fitowa. Ya daɗe yana son ya sake ganinsa. Amma kwalekwalen katako ya gagare shi: gwiwoyinsa ba sa lanƙwasuwa, bai iya ruwa ba, 'ya'yansa kuma sun hana.

Na ce masa, "Yaya, shirya mu je. Dama ina son in sayi ƙarami in ba masunta haya. In za a gwada, tare za mu shiga."

Ya ce, "Kai da hatsi, ina kai ina jirgi?" Amma kafin in gama sallama da iyalinsa ya sa babbar riga.

Mun tarar da jiragen jere a kan yashi, farare da shuɗaye, suna warin sabon fenti. Na saba da kwalekwalen da ake toshe wa huda da tsumma da kwalta. Waɗannan kuwa ko layin haɗi babu a jikinsu, sumul kamar kwanon sha. Na ƙwanƙwasa ɗaya, na sa kafaɗa na ɗaga gefensa, na ji mutum biyu za su iya ɗaukarsa. Masu ƙyallen da ke kama iska ya tura jirgi ba su burge ni ta fuskar sana'a ba, don sandar da ke tsakiya ta cinye wurin buhu. Sai dai akwai ɗaya mai faɗin ciki, da benci mai majingina da ƙarfen riƙewa a gefe. Tsoho zai shiga ya zauna kamar a zaure. Irinsa na can cikin ruwa, farin ƙyallensa ya cika da iska, yana tafiya ba ƙara ba hayaƙi. Na saci kallon Yaya, na ga hannunsa na kan majinginar nan yana shafawa.

Mai kula da kayan ya taso. Magidanci ne mutumin kudu, Hausarsa ta 'yan Sabon Gari. Ya ce, "Baba, sannu. Ka ga mai kyau ko?"

A kasuwarmu, abin da kake so shi kake kushewa. Ka faɗi aibinsa, ka juya ka tafi a hankali, mai kaya ya kira ka, sannan a fara magana. Da haka Yaya ya sayi kowace saniya a rayuwarsa, da haka ni ma na tashi daga awo da kwano har na kai ga cika mota.

Yaya ya janye hannunsa. Ya ce, "Wannan? Ai baho ne na wanka. Rana ta dake shi ya tsage."

"Ba ya tsagewa, Baba."

"Wannan zanen gadon fa da kuka rataya? In iska ta ɗauke, sai mu kwana muna hura masa baki?"

Masuntan da ke kallo suka kwashe da dariya. Ni ma na sa baki, na ce ko buhu biyar ba zai ɗauka ba. Mutumin ya yi murmushi, ya ce, "To, ba komai. Allah ya kiyaye hanya." Ya juya wajen wasu ma'aikatan gwamnati da ke ta yabon kayan.

Muka juya muka kama hawan gangaren, muna jan ƙafa. Yaya bai waiwaya ba, dillali ba ya waiwaye. Da muka kai rabin hanya ya ce ƙasa-ƙasa, "Ya taso?"

Na duba ta gefen ido. Mutumin na ɗaura wa ma'aikatan nan rigar hana nutsewa, ana riƙe musu jirgin suna shiga.

"Bai taso ba, Yaya. Mu koma. Waɗannan ba su san cinikinmu ba. Shi ya ɗauka ba ma so ne."

"Mu koma da ƙafarmu, bayan masunta sun ji abin da na ce? Bar shi ya kwana da kayansa. Zai yi laushi."

Ba na musu da shi a gaban mutane, ban kuma fara ranar ba. Muka hau acaɓa muka tafi.

Kasuwa ta riƙe ni, shi ma ta riƙe shi. Ranar da muka koma, sai sawun tayoyin babbar mota a kan yashi. Masunta suka ce kamfanin ya kwashe ya yi gaba, ko jirgi ɗaya bai bari ba. Yaya ya tsaya yana kallon ruwan har rana ta dame shi, sannan ya ce mu tafi.

Na yi ta tambaya a Kano ko za a samu irinsa, ban dace ba. Da damina ta wuce, ƙafafun suka zaunar da shi gaba ɗaya, ko masallacin ƙofar gida sai an riƙe shi. Da bazara ta zagayo na shiga kwalekwalen wani masunci ni kaɗai. Ya kai ni wurin. Dutse ne baƙi, ya fito kamar bayan saniya, tsuntsaye sun ɓata shi da kashi. Ban ji komai ba, don ban san shi ba. Na ɗauki hotonsa a waya na kawo wa Yaya.

Ya karɓa ya kai kusa da ido, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya miƙo mini wayar.

"Ta gabas ka ɗauka," in ji shi. "Gidanmu ta yamma yake."