Ɗingishin Arzika

Bayan an gama yankan hatsi an cika rumbuna, sanyi yakan sauko garinmu da ke kusa da Kiyeshe. Da an ci tuwon yamma, kakata Inna Tabawa takan hura wuta da karan gero a ƙofar ɗakinta, mu jikoki mu kewaye ta. Zamanin Nasara ne, ina ƙarami. Ni take kira maigida, kuma kullum sai ta yi mini gori cewa miji ne ni da bai taɓa sayo mata ko goro ba.

Yawancin tatsuniyoyinta na dabbobi ne. Amma akwai labari guda da ba ta buɗe shi yadda ake buɗe tatsuniya. Sai dai ta miƙe ƙafarta ta hagu wajen wuta, ta ce: "Ku matso, yau babu kura babu zomo." Duk mun san labarin Arzika za a yi, mijinta, kakanmu da ya rasu kafin a haife mu.

Arzika ɗan kokawa ne. A ƙuruciyarsa, in ji ta, babu wanda ya taɓa ganin gwiwarsa a ƙasa tun daga Dogon Dutsi har Tibiri, makaɗa kuma da kirarinsa suke buɗe fage. Sai aka kwashe shi aikin dole na gyaran hanya, dutse ya faɗo masa a ƙugu. Ya dawo gida yana jan ƙafar hagu. Kokawa ta ƙare masa, amma bai iya rabuwa da yashi ba. Ya tara samarin gari a bakin fadama yana koya musu, yana shiga tsakiyarsu da kansa yana nuna tsayuwa da kamu da yadda ake ɗaukar ƙafa. Samarin suna ƙaunarsa, komai ya yi sai su yi.

Da kaka ta yi, ƴan kokawar Gesheme suka zo. Aka kayar da yaron Arzika na farko, aka kayar da na biyu, haka har fage ya tashi, kuma duk ta gefen hagu ake shigarsu. Da yamma iyayen samarin suka fara maganar kai ƴaƴansu wajen wani mai koyarwa a ƙauyen gaba. Wasu suka ce asiri aka yi, a tafi Lugu a nemi magani. Arzika bai ci tuwo ba ranar. In aka kwashe yaran, ba abin da ya rage masa a fage.

Washegari Inna ta fito daga rijiya da tulu a kai, ta biyo ta bakin fadama, ta tsaya tana kallon samarin daga baya. A nan ta ga abin. Kowane ɗayansu ya ɗora nauyinsa a ƙafar dama, yana jan ta hagu a yashi. Lafiyarsu lau, amma sun koyi ɗingishin tare da kamun.

In ta kawo nan takan sassauta murya. "Na rasa yadda zan hwaɗa mishi, maigida. Mi za ka ce ma mutumen da ƙahwa tai ta zama abin kunya gare shi?" Sai ta je ta sami Arzika. Ta ja shi zuwa inda samarin suka yi atisaye, ta nuna masa yashin: ko'ina sawun dama ya nutse, na hagu kuwa dogon layi ne kamar an ja sanda. Ya daɗe yana kallo. Daga nan ya ce ta ba shi tsohon turminta.

Ya je ya roƙi iyayen su bar masa yaran har kaka mai zuwa, suka yarda da ƙyar. Ya kife turmin a gefen fage ya zauna a kai, kuma tun daga ranar bai sake tsayawa gaban ɗalibi ba. Da baki yake koyarwa. Yakan zo kafin kowa, ya tashi bayan kowa, don kada su ga tafiyarsa. In yaro ya waiwayo yana neman a nuna masa, sai ya ce masa ya dubi ƙafafun kansa. Inna ta ce wani lokaci takan ga hannuwansa suna kama iska a kan gwiwa, jikinsa na son tashi, amma bai tashi ba.

Da ƴan Gesheme suka dawo, gwaninsu ya nufi hagun babban ɗalibin Arzika, Tunkara, kamar bara. Ya tarar da ƙafa a kafe. Kafin ya gyara tsayuwa, bayansa na ƙasa. Makaɗa suka ɗauko tsohon kirarin Arzika, shi kuwa yana kan turmi bai motsa ba. Babu wanda ya sake zancen ƙauyen gaba.

Muna yara, kayen muke jira mu yi sowa. Sai da na girma na haifi nawa na gane nauyin zaman nan: mutum ya san abin da bai kamata ya bari a gada daga gare shi ba, ya kuma biya da abin da ya fi so.

Mutum ɗaya ne turmin bai yi wa magani ba. Shi ne mahaifina. Ba ɗan kokawa ba ne, amma a gida ya tashi, yana bin ubansa gona da masallaci. Bana muka rufe shi. Muna dawowa daga maƙabarta, wata tsohuwa da ta san gidanmu ta tsaya tana kallona, ta ce tafiyata sak ta marigayi, har jan ƙafar. Ban taɓa jin ciwo a ƙafar nan ba. Na waiwaya na dubi yashi, na ga layin a bayana. Ban gyara ba, na ci gaba da tafiya har gida.