Baba Isyaku Direba da Ɗorawar Inna Jumma

Da ya dawo daga sallar asuba, Baba Isyaku yakan zuba wa motarsa ruwa, ya goge gilashinta da tsumma. Sannan ya ciro wayarsa daga aljihun gaba, ya hura idon kyamarar, ya share shi da bakin riga a hankali. Sai ya yi bisimilla ya nufi tasha. Haka ya yi shekara da shekaru yana jigila tsakanin Ɗanbatta da Kano, har makon jiya da ya miƙa wa ɗansa Uwaisu makulli, saboda ciwon baya ya hana shi zaman tuƙi.

Duk wanda ya taɓa shiga motarsa ya san halinsa. Ana cikin tafiya sai ya rage gudu ya gangara gefen titi. Ba taya ce ta yi faci ba, ba mai ne ya ƙare ba. Shamuwa ce ta sauka a kan kuka, ko gero ya fid da kai rana tana dukansa, ko bado ya rufe wani tafki.

Wani Alhaji mai fataucin awaki ya taɓa ɗaga masa murya: "Haba direba! Muna sauri kada kasuwa ta watse, kai kana ɗaukar hoton ciyawa?"

Baba ya ce, "Alhaji, waiwaya ka ga akuyarka. Ita ma ciyawar take kallo. Mu biyu mun rinjaye ka."

Mota ta kwashe da dariya. Ba a yi nisa ba Alhajin ya miƙo hannu ya ce, "To kawo mu gani." Wayar ta bi kujera kujera har baya.

Ba wanda ya koya masa. Da wata tsohuwar kyamara ya fara, ta lalace ya koma waya. Kuma ba ya ɗaukar biki ko suna. In an roƙe shi sai ya ce, "Ku nemi masu sana'ar. Ni furen kuɓewa bai taɓa ce min in sake, bai yi kyau ba."

Baba, wataƙila ba ka san abin da ka yi mana mu matan aure ba. Mu ke surfa gero, mu ke daka shi, amma tun da muka shiga ɗaki ba mu ƙara ganinsa a tsaye a gona ba. Kai ne ka shigo mana da damina har tsakar gida. Matarka Inna Aina'u za ta tura wa wannan, wannan ta tura wa waccan, sai ka ga mata sun ajiye taɓarya sun haɗa kai a kan waya, ana gardamar ko wannan furen na gyaɗa ne ko na wake.

Amma abin da ya sa na ɗauki biro, duk da ni ba gwanar magana ba ce, shi ne maganar kakata Inna Jumma.

Inna ta tsufa, ƙafafunta sun daina ɗaukarta. Bara, gab da bazara, labari ya iso daga ƙauyen da aka haife ta a ƙasar Dawakin Tofa cewa wanda ya sayi gonar mahaifinta ya sayar wa masu itace ɗorawar da ke cikinta, kuma a makon za a sare ta. Inna ba ta ce a hana ba, ta san gona ta daɗe da barin hannunsu. Cewa kawai ta yi, "Da dai na gan ta sau ɗaya." Daga nan ta juya wa tuwo baya. Mota ba ta shiga wajen, jikinta kuma ba zai ɗauki amalanke ba. Na kasa tunkarar Baba da bakina, sai na raɗa wa Inna Aina'u.

Washegari da yamma sai ga sallamarsa. Ashe ya je ƙauyen, ya ajiye mota a bakin titi, ya taka da ƙafa, ya ɗauko hoton ɗorawar cif, ta cika da jan furen nan nata mai lilo. Mu duka muka ce masha Allah. Inna ta kawo wayar kusa da idonta, ta ture ta.

"Isyaku, ɗorawar wa ka kwaso min?"

"Taki ce, Inna. Mai gonar da kansa ya nuna min."

"To ku biyun kun ɓata. Tawa tana da reshen da ya sunkuyo kamar zai gaishe ka. Wannan ta tsaya ƙiƙam kamar ɗan sanda."

Da wani ne, da ya ce tsufa ne, ya yi tafiyarsa. Baba ya gyara zama a tabarma. Ya ce, "Inna, ta ina kike zuwa mata?"

"Ta ina kuwa? Ta bayan gidanmu, hanyar rijiya, da hantsi, ina kai wa babanmu fura."

"Lokacin tsayinki ya kai ina?"

"Kaina bai wuce ƙugunsa ba."

Baba ya tafa hannu. "Laifina ne. Ni ta titi na je mata, irin zuwan direba."

Kashegari ranar kasuwa ce, ranar da ba direban da yake son ya bar layi. Ya bar wa Uwaisu motar, ya hau acaɓa. Ya tambayi tsofaffin ƙauyen tsohuwar hanyar rijiya, ya bi ta tsakanin shinge. Yana ɓullowa ya tarar masu itace sun riga shi, suna wasa gatura. Bai yi musu dogon bayani ba. Ya durƙusa a kan hanyar da wannan bayan nasa mai ciwo, ya yi ƙasa, ya ƙara yin ƙasa, har ya dawo tsayin yarinya mai ɗauke da ƙwarya.

Ɗayansu ya ce, "Baba, me ya faɗi, mu taya ka nema?"

"Ba abin da ya faɗi, ɗana. Ku dai ku bar rana ta ɗan ɗaga."

Suka jingine gatura suka jira. Da ya gama ɗaukar hoton sai tashi ya gagara, su ne suka kama shi hagu da dama suna dariya, shi ma yana yi.

Da la'asar ya miƙa wa Inna wayar. Ta daɗe tana kallo. Sai ta buga cinya.

"Ga ta nan, 'yar nema! Ga reshen! Nan babanmu yake rataye gorarsa. Nan kuma na yi tuntuɓe na fasa ƙwarya, na ce jaki ne ya ture ni!"

Ta yi ta dariya har hawaye ya sauko. Ta dube ni ta ce, "Ke, kin tsaya kallona. Zubo min tuwo, ki cika daddawa a miyar." An sare ɗorawar a ranar. Baba ya wanko hoton babba a Kano, yana nan a bango daidai inda idon Inna yake sauka in ta farka.

Baba Isyaku, mai ido biyu, ɗaya a titi ɗaya a gona, mun gode. Kai ne ba ka ji haushin tsohuwa ba, ka saurare ta har ka gane abin da take nufi. Allah ya ba bayanka lafiya, ya sa ka huta cikin rufin asiri, ya nuna maka abin da ya fi duk wanda ka nuna mana kyau.

Ku kuma 'yan'uwana masu waya a hannu, kowane gida akwai tsoho ko tsohuwa da ke kewar wata bishiya, wani tafki, wata hanya. Ku tambaye su tun suna iya ba ku amsa, ku je tun gatari bai riga ku ba.