Malam Sirajo na Magarya da kompayila biyu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan labarin ya iske ni. Ina tsaye bakin titi a Achida ina jiran motar Goronyo, sai ga kiran Bashiru, ƙanen Malam Sirajo. Yac ce Malam ya rasu.

Nic ce wane Malam?

Ya maimaita. Na sake tambaya, ya sake maimaitawa. Wai ya dawo daga sallar asuba, ya zauna ƙofar gida, yac ce ƙirjinai na ciwo. Kafin a samo mota rai ya yi halinai.

Motar Goronyo ta zo, ta tsaya, ta wuce, ban ɗaga hannu ba. Yanzu ina cikin wata, mun kama hanyar Magarya, ina rubuta wanga.

Da yawanku ba ku san shi ba. Ba shi da shafi nan intanet, ko hoto bai son a ɗauke shi. Malamin lissafi ne a wata sakandare a Wurno. Ya yi shekaru a Legas shina rubuta kod, wato umurnin da kwamfuta ke bi, ga wani kamfani, da mahaifinai ya tsufa ya tattaro ya dawo gida, ya kama alli da noman albasa.

Bari in gaya maku yadda munka haɗu.

Ina aiki da wata ƙungiyar manoman rani a ƙasan dam ɗin Goronyo. Sun sha fama da ban ruwa. Wani ya cika ruwa albasa ta ruɓe, wani ya jinkirta ta ƙone. Sai nic ce masu zan haɗa na'urar da za a soka cikin ƙasa ta auna danshi, in ƙasa ta bushe ta aiko ma manomi saƙo a waya. Ƙaramar kwamfuta ce kamar tafin hannu, muna ce mata bod.

Na yi alkawari gaban dattawa, ni mace ɗaya cikin taron maza. Ban san abin da ke jirana ba.

Akwai wani laburare da nike buƙata, wato tarin kod da wasu mutane sunka rubuta sunka saki kyauta, shi ke karanta abin da ma'aunin ya ji cikin ƙasa. Kafin kod ya zama abin da na'ura ke iya aiki da shi, sai an bi da shi ta kompayila an gina shi. Na gwada ginawa bisa bod ɗin kanta. Tun hantsi har la'asar tana fama, ta yi zafi kamar dutsen guga, ta mutu tsakiyar aiki.

Hanya ɗaya ta rage: in gina bisa laftof ɗina, amma don bod. Shi ne ake ce ma cross-compile. Wahalar ita ce ƙwaƙwalwar laftof daban, ta bod daban. Abin da anka gina ma ɗaya, ɗayar ba ta gane shi.

Sati uku ina kai. Kullum gini ya kai rabi ya tsaya, ya rubuto mani cewa ba a iya tada wani fayil, wato sa shi ya yi aiki. An riga an yi dashen albasa. Shugaban ƙungiya ya daina tambayata, kuma shirun nan ya fi tambayar ciwo. Na fara tsara yadda zan ba su haƙuri.

Yayata ce, wadda ke koyarwa makaranta ɗaya da Malam, tac ce in je in gan shi.

Na same shi ofishin malamai bayan an tashi, shina ɓare gyaɗa. Na buɗe laftof na fara zuba bayani. Ya bar ni har na ƙare. Sannan yac ce in karanta mai saƙon matsalar da ƙarfi, kalma-kalma. Na karanta. Yac ce in sake, kar in yi sauri.

Sai ya yi mani tambaya guda.

"Wanga fayil da ya ƙi tashi, ina aka son ya tashi? Bisa laftof ko bisa bod?"

Ban taɓa tambayar kaina ba.

Ashe laburaren nan, tsakiyar gini, shina fara haɗa wani ƙaramin shiri da zai lissafo mai jadawalin lambobi, kuma nan take bisa laftof ake tada shi. Ni kuwa na umurci komi da komi ya bi ta kompayilar bod. Ƙaramin shirin ya fito da siffar bod, laftof ta kasa tada shi. Sati uku ke nan, a kan abu guda.

Munka raba aikin. Ƙaramin shirin ya bi ta kompayilar laftof, sauran duka su bi ta bod. Munka rubuta fayil guda da ke gaya ma tsarin ginin wace kompayila zai kira, da jakar da zai nemo kayan bod, munka hana shi leƙa kayan laftof. Sau biyu ya saci hanya ya ɗauko na laftof, sau biyu Malam ya sa ni in gano da kaina.

Bai taɓa madannan laftof ɗina ba ko sau ɗaya. Na miƙa mai, yac ce hannunai da gishirin gyaɗa. Sai daga baya na gane da gangan ya yi.

Da gini ya kai ƙarshe ba tare da ya tsaya ba, na rufe fuska da mayafi. Ya yi kamar bai gani ba, ya turo mani gyaɗa a takarda.

Bai tsaya nan ba. Yac ce in tura gyaran ga masu laburaren, don akwai wani can wata ƙasa da ke cikin irin halin da na fito. Na ji tsoro, Turancina ba na nuna ma duniya ba ne. Ya karanta abin da na rubuta, ya gyara kalma biyu, yac ce sauran ya isa. Na sa sunana da nashi a ƙasa. Ya nuna nashi da yatsa yac ce in goge. Na ƙi. Yac ce shi tambaya kawai ya yi, ni na yi aikin, kuma ba zai tashi ba sai ya ga an goge.

Na goge. Da na tura, masu laburaren sun maido shi sau biyu da gyare-gyare, na uku sunka karɓa.

Ranar gwaji ya hau babur tun daga Magarya har Goronyo, ba wanda ya roƙe shi. Munka soka na'urar a gonar Baba Mamman, dattijon da ya fi kowa shakkar abin. Manoma sunka kewaye Malam da tambayoyi, sun ɗauka shi ne mai aikin. Duk wanda ya tambaye shi, sai ya ce a tambayi Injiniya, ya nuno ni.

Tun ranar sunan ya bi ni. Ban taɓa jin wani ya kira ni haka ba kafin shi.

Can wajen azahar wayar Baba Mamman ta yi ƙara. Anka karanta mai: ƙasa ta bushe. Ya tafi ya duƙa, ya nutsa yatsa cikin kunya, ya murza ƙasar. Ya ɗago yac ce, "Ta hwaɗi gaskiya."

Malam ya yi dariya har hularshi ta karkace.

Asabar ɗin da ta wuce na gan shi a kasuwar Wurno, shina ɗaure buhun iri bayan babur. Lafiya lau, wallahi lafiya lau. Munka gaisa, ya tambayi Innarmu da ciwon ƙafarta. Sannan ya tambaye ni ko na rubuta bayanin yadda ake ginin, mataki-mataki, da Hausa, kamar yadda ya sha gaya mani. Nic ce aiki ya yi yawa, kuma ai duk na haddace.

Ya tsaya da igiya a hannu.

"Mi za a yi da haddarki in ba ki kusa? Ki rubuta shi, Injiniya. Wadda za ta zo bayanki kar ta ɓata sati uku tana neman wani Sirajo."

Na yi dariya nic ce to, Malam, sati mai zuwa. Ya tada babur, ya ɗaga mani hannu.

Shi ke nan. Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Ban rubuta ko layi guda ba. In Allah ya yarda, da an share makoki zan zauna in rubuta, kuma wanga karon sunanai zai kasance a sama, tunda ba ya nan balle ya sa in goge.

Ya bar mahaifiya, da mata, da 'ya'ya huɗu. Za a yi jana'iza yau kafin azahar a ƙofar gidansu a Magarya.

Ya Allah, bawanka Sirajo ya zo gare ka ba shiri. Ka karɓe shi da rahama, ka yafe mai kurakurai, ka haskaka makwancinai. Ilimin da ya ba mu bai riƙe komi ba, ka sa ya iske ladarsa can. Ka ba Hajiya mahaifiyatai da iyalinai haƙurin da ni kaina ban samu ba tukuna.

Ke ko kai da ka karanta har nan, ko ba ka san shi ba, don Allah ka ajiye wayar minti ɗaya ka yi mai addu'a da bakinka. Sunanai Sirajo.