Katakon da Ya Tare Teku

A ƙauyenmu idan ka ji ana buga guduma ana zuba surutu kamar mutum uku ne ke aiki, kada ka wahalar da kanka da leƙawa, Belmiro ne shi kaɗai. Kafinta ne, kuma bai taɓa jiran wani ya yabe shi ba, da kansa yake yi. "Abin da na kafa ba ya motsi," haka yake cewa, ko da kujerar shagon kofi ce ya gyara wa ƙafa. Abin haushin shi ne gaskiya yake faɗa. Mutane sun daɗe suna jiran ranar da wani aikinsa zai rushe su samu na dariya, har suka gaji.

Wajen mahaifinsa ya koyi sassaƙa kwale-kwalen masunta. Da jiragen roba suka shigo, sana'ar ta mutu a hannunsa, sai ya koma ƙofofi da tagogi da akwatin gawa. Bai yi kuka ba, cewa ya yi katako katako ne. Daga baya hukumar da ke kula da gandun gaɓar teku ta ɗauke shi gyaran shingaye da alamomin hanya, ya shiga yawo a kan tsaunuka da tsohuwar motarsa, yana faɗa da iska da gishirin da ke cinye masa ƙusoshi.

Mutum ɗaya ce ke iya rufe masa baki, yayarsa Idalina. Shan inna ya kama ta tun tana ƙarama, ƙafafun suka tsaya, bakin ya ci gaba. Uwarsu tana aiki a masana'antar kifin gwangwani, don haka Idalina ce ta raine shi, daga kan tabarma, da murya da kuma takalmin da take jifansa da shi. Da ta girma ta zama tela, takan ce ita kekuna biyu gare ta, ɗaya na cin abinci ɗaya na zama. Da shi kuma ya yi ƙarfi sai ya zama ƙafafunta. Duk bazara, idan shamuwa suka dawo sheƙunansu a kan duwatsun da ke tsakiyar ruwa, yakan goya ta ya ratsa rairayi da ita har bakin tsauni, tana riƙe da kunnuwansa tana ce masa ya bi dama. Nan za su zauna da burodi da gasasshen kifi, ita tana kallon tsuntsaye, shi yana ba ta labarin kansa.

Haka suka yi har furfura ta fito musu. Wata shekara bayansa ya ƙi, suka zube tare a cikin rairayi, sai da wasu masu tsintar kaguwa suka zo suka kwashe su. Sai da ya ajiye ta a ɗaki ta ce, "Daga yau ba mai sake ɗaga ni, Miro. Ni ba buhun dankali ba ce. In ba zan iya zuwa da kaina ba, na haƙura."

Ta kuwa haƙura, shekaru masu yawa. Shi ne bai haƙura ba. Abin yana cinsa duk lokacin da ya ga shamuwa ta wuce ta saman gari da kara a baki.

Saboda haka ranar da Dona Graciete, shugabar masu kula da gandun, ta ce za a shimfiɗa hanyar katako daga wurin ajiye motoci har bakin tsaunin, wadda keken guragu zai iya bi, Belmiro bai bari ta kai aya ba. Ya karɓi aikin kamar dama nasa ne aka ƙwace. Ya matse tsakanin katako da katako don kada ƙananan tayoyin gaba su maƙale. Ya karkata hanyar ta zagaye tudu maimakon ta hau shi kai tsaye, ya bar wuraren hutawa masu faɗi, ya sa aka sauya ƙofar ban-ɗaki ta riƙa buɗewa waje. Sannan ya ari tsohon keken Idalina, ya ɗora masa buhun siminti, kullum da ya gama wani yanki sai ya tura shi ya ji yadda yake tafiya. Masu wucewa suna gaishe da buhun, suna tambayarsa lafiyar iyali. Belmiro ya ce su yi dariyarsu, wannan buhun ya fi su amfani.

A ƙarshen hanyar ya gina dandamali, ya kewaye shi da shinge. A nan ne ya zuba gwaninta. Takardar aiki tsayin shingen kawai ta faɗa, shi ya zaɓi katakon sama, mai kauri, mai faɗin da mutum zai ajiye kofi da faranti a kai, ya goge shi har yana sheƙi. Ƙarƙashinsa ya jera wasu a kwance, kusa da kusa, saboda yara.

Ana saura kwana kaɗan a yi bikin buɗe wurin ya je ya ɗauko ta a mota. Ta sa gyalenta na zuwa coci, ta ce kada ya kuskura ya taɓa mata keke. Ta kama tayoyi ta hau katako. Yana biye da ita hannuwa a baya kamar ɗan makaranta, bakinsa kuwa bai huta ba.

"Kin ji wata gargada, Yaya?"

"Ban ji ba."

"Ba za ki ji ba. Wa ya yi aikin?"

"Wani mai surutu. Matsa, kana tare mini iska."

Ta huta sau ɗaya a inda ya tanada, ta goge zufa, ta ci gaba. Ƙarar ruwa ta fara cika kunne, ga kuma kaf-kaf ɗin bakin shamuwa. Belmiro ya riga ta isa shingen, ya dafa katakonsa, ya leƙa. Sheƙa ce babba a kan dutsen, uwa a tsaye, 'ya'ya sun miƙo wuya, ruwa yana fashewa fari fat a ƙasa.

"Kai! Dubi, Yaya! Har sun yi gashi. Kin gan su?"

Ya juyo. Ta matso da keken har gwiwoyinta sun taɓa shingen, ta miƙa wuya, ta sunkuya, ta sake miƙewa.

"Ina ganin katako," in ji ta. "Ya sha guga, ba laifi. Sannu da aiki."

Bai gane ba da farko. Sai ya durƙusa a gefenta, ya daidaita kansa da nata. Babu teku, babu dutse, babu tsuntsu. Katakon nan nasa mai faɗi ya zauna daidai idonta, sama da shi sararin sama ne kawai, ƙasa da shi 'yan tsagogi da ba sa nuna komai sai ciyawa. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun da ya fara riƙe zarto.

"Na gwada fa," ya ce a hankali. "Kullum sai na gwada."

"Da me?"

"Da buhu."

"To ai shi ke nan. Buhunka yana da ido?"

Ya miƙe ya buɗe hannuwa. "Bari in ɗan ɗaga ki, minti ɗaya kawai, ba wanda zai gani."

"Taɓa ni ka gani, auta. Na ce maka da kaina ko kuma babu." Ta juya keken. "Ka mayar da ni gida, ina da ɗinki. Hanyar dai ta yi kyau, wannan ba zan hana ka ba."

Wani zai yi shiru ya bari a yi biki a tafa masa, don babu mai tsayuwa da ƙafa da zai ga aibun shingen. Belmiro da ya sauke ta bai ko sha ruwa ba ya wuce ofishin Dona Graciete, ya ce shingensa bai yi ba. Ta cire tabarau ta dube shi, don ba ta taɓa jin wannan magana daga bakinsa ba. Suka koma tare, ta jawo wani akwati ta zauna a kai, ta duba, ta ce lallai. Amma ta kafa masa sharaɗi: tsayi ba zai ragu ba, kuma kan yaro ba zai wuce ba. Ya ce ya ji. Zai cire katakon gaba, ya sa siririn bututun ƙarfe a sama, ya ja wayoyin ƙarfe irin na jirgin ruwa a tsaye, a ɗaure tam. Ta ce ba zai gama kafin biki ba. Ya ce to a yi biki a rufe dandamalin, a ce kafinta ne ya yi kuskure.

Haka kuwa aka yi, kuma ƙauye ya samu abin da ya daɗe yana jira. A shagon kofi suka ce a ƙarshe dai abin da Belmiro ya kafa ya motsa. Ya ce ƙwarai, amma su lura, sai da ya sa hannu da kansa, kuma sai da ya karya ƙarfen ɓanɓara kafin katakon ya yarda. Abin da ke damunsa ba su ba ne. 'Ya'yan shamuwa sun fara gwada fukafukai, kuma Idalina ba yarinya ba ce da za a ce mata sai baɗi. Wannan karon ya fitar da buhun ya zauna a keken da kansa, duk wayar da ya ja sai ya koma ya zauna ya duba.

Ranar da ya sake kawo ta, da hantsi, bai yi magana a hanya ba. Ta gangara dandamalin, ta tsaya, ta ja birki. Tekun ya buɗe mata tun daga ƙasan tsauni har inda ido ya ƙare. Ɗaya daga cikin 'ya'yan yana tsalle a bakin sheƙa, yana buɗe fukafukai yana fasawa. Ta daɗe tana kallo. Shi kuwa ya mayar da idonsa kan wayoyinsa.

"Matsoraci ne wancan," in ji ta can. "Kamar ka kana yaro."

"Ya yi, Yaya?"

"Ya yi. Yanzu tafi."

"In tafi ina?"

"Ka je ka sha kofi, ka cika wa mutane kunne. Ban taɓa zama a nan ni kaɗai ba, Miro, ko sau ɗaya. Kullum da kai da bakinka. In na gama zan dawo."

Abin ya sosa masa rai, kuma ya yi masa daɗi, duka a lokaci guda, don sai yanzu ya gane abin da ya gina: hanyar da yayarsa ba ta bukatarsa a kanta. Ya ɗauki akwatin kayan aikinsa ya kama hanya. A wurin hutawa ƙafarsa ta so ta tsaya, ya hana ta. Wasu baƙi biyu da ke tahowa suka tambaye shi ko matar can da ke bakin tsauni tana neman taimako.

"A'a," ya ce. "Ku dai wuce a hankali, kallo take yi."