Neman Ɗana a Gidajen Bitza

Ranar da aka fara gaya mini, ban ma fahimci maganar ba. Ƙanen mijina, mai tuƙa tasi, shi ya shigo bayan la'asar ya tsaya a ƙofar kicin ya rage murya.

"Yaya, na ga ɗanki. Aikin bitza yake yi."

Ni kuwa biza na ji. Ludayin da ke hannuna ya faɗa cikin miya. A garin Makka in aka ce yaro yana harkar biza, kuma ba a ofis yake ba, kowa ya san inda maganar take ƙarewa.

"Innalillahi! Biza? Ta jabu?"

Ya yi dariya har da dafa bango. "Bitza, Yaya, bitza! Gurasar Turawan nan mai cuku a kai."

Na sauke ajiyar zuciya, amma kafin in gama sauke ta wani tsoron ya taso. Gurasa ai fulawa ce. Ɗana kuwa tun yana goye yake da asma, ko buhun fulawa aka kakkaɓe kusa da shi sai ƙirjinsa ya kama fito.

Wata huɗu ke nan a lokacin da barinsa gida. Shi ne babba, shekararsa ashirin da uku. Babansu yana da ɗan shagon turare da carbi a unguwar Mansur, yana son ya zauna masa a ciki, shi kuma tun yana ƙarami zuciyarsa na wajen tukunya. Ranar da suka yi cacar baki, uban ya faɗi kalmar da ba zan rubuta ba, yaron ya ɗauki jaka ya fita, ya canza lambar waya. Abin fesawarsa na asma ya bari a kan taga. Daga baya na nemi kwalbar yajina babba na rasa, na ce ko ni na ajiye na manta.

Ƙanen mijina bai san shagon ba. A wajen masu sayar da fulawa ya hango shi daga cikin mota, da farar hula da riga mai hoton bitza, yana loda buhuna. Iyakar abin da na samu ke nan.

Na saka abin fesawar a jakata, na je wajen maƙwabciyata. Hajiya nake ce mata, ta girme ni, ta Chadi ta biyo ta zo ƙasar nan, kuma bakinta ba ya riƙe magana. Tana da ciwon suga.

"To ki shiga ki tambaya mana, ki ce ina ɗana," in ji ta.

Na ce ba zan iya ba. Iƙamarsa, wato takardar zamansa, ba ta aikin abinci ba ce. In na riƙa yawo da sunansa a baki, ko in ja masa kora, ko in ja masa abin da ya fi kora. In kuma ya ji ana nemansa, yana iya sake gudu.

"Ashe ci za mu yi," ta ce tana jawo abayarta. "Likita ya hana ni gurasa, amma ai bai ce bitza ba."

Gidan bitza na farko a Mansur ne, kusa da mu. Aka miƙo mana takardar abinci, Larabci a dama, boko a hagu. Ni karatuna na manya ne, a ajin matan unguwa na koya ina da 'ya'ya huɗu. Na bi da yatsa a hankali: mar, ga, ri, ta. Ban san me na karanta ba, amma shi na nuna. Da aka kawo, na ɗaga yanki ɗaya zan shigar ƙarƙashin niƙabi, cukun ya biyo ni kamar zare, ya ƙi tsinkewa. Hajiya ta ce, "Ja, ƙawata, ja, ƙila ɗanki ne riƙe da ɗaya bakin." Na yi dariya don kada ta ji kunya, amma kunnena na can bayan bango. Tari nake saurare. Na san tarin ɗana: biyu a jere, sai shiru, sai ɗaya mai tsawo.

Bayan kwana biyu muka je na unguwar Rusaifa. Wannan babba ne, da tebura masu jan ƙyalle da sanyin da har ƙafata ta yi tsami. Suka kawo taliya cikin farar miya, da bitza mai zaitun da wani ɗanyen ganye a kai. Hajiya ta sunsuna ta ce, "Ɗoɗɗoya ce wannan! A gida da ita muke korar sauro." Ta cinye nata ta ɗauki nawa. Kicin ɗinsu a buɗe yake, ana ganin masu aiki ta gilashi. Na ƙirga kawuna biyar, na sake ƙirgawa. Babu shi.

Haka muka yi ta yi, tsakanin la'asar da magariba, kwana biyu ko uku a mako. Wani gurasarsa siririya ce kamar takarda, wani mai kauri kamar alkubus. Wani tumatirinsa da zaƙi, wani gishiri ya yi masa yawa. Na koyi abubuwan da ban nemi sani ba. A na biyar, muna zama sai na ji tari a ciki, biyu a jere. Na miƙe tsaye ban sani ba, jakata ta faɗi. Labulen ya buɗe, wani dattijo Ba'indiye ya fito yana goge baki. Ranar ko loma ban iya kaiwa ba. A mota Hajiya ba ta yi ba'a ba, hannuna kawai ta riƙe.

Ragowar nakan kawo wa ƙannensa a kwali. Babansu yana ganin kwalayen a kwandon shara, bai taɓa tambaya ba, bai kuma taɓa ci ba. Duk motar asibitin da ta wuce da jiniya, sai in taɓa jakata in ji abin fesawar na nan, wurin da ba shi da amfani.

Na bakwai a Hindawiyya yake, cikin wani lungu da tasi ba ta shiga. Tebur biyu ne kacal, da labule na mata. Ina bin takardar da yatsa, can ƙasa na ga an ƙara layi da biro. Bitza sire. Sire shi ne tsire a bakin mutanen Makka.

"Wannan," na ce wa yaron shagon.

Tun kafin ya ajiye farantin hancina ya gaya mini. Ƙuli-ƙuli, citta, masoro, kimba, duk mai yin yaji yana saka su. Amma ni tun da na zo ƙasar nan nake daka busasshen lemun tsami baƙi in haɗa, kaɗan, a ƙarshe. Ban san wata mai yi ba. Na sa a baki, tsamin nan ya fito daga baya, daidai inda yake fitowa.

"Mene ne?" in ji Hajiya. "Kin ƙware?"

"Yajina ne."

Na zaro takardar goge hannu, na ari biron yaron shagon. Lokacin da nake zuwa aji, ɗana ne ke zama kusa da ni yana duba aikina, yana dariyar ƙugiyar da nake yi wa harufa, wai ta fi harafin girma. Na rubuta: Yaya ƙirjinka? Na naɗe abin fesawar a ciki, na ce a kai wa mai ƙullu.

Ban san minti nawa muka jira ba. Na ji an ajiye wani ƙarfe. Sai shiru. Na ce a raina, akwai ƙofar baya.

Labulen ya motsa. Ya rame, fulawa har gwiwar hannu, ga fiton nan siriri a ƙirjinsa, wanda ni kaɗai nake ji tun daga nesa.

"Umma. Wa ya gaya miki?"

"Fesa tukuna."

Ya fesa sau biyu, ya jingina da bango ya rufe ido. Na zauna ina ƙirga numfashinsa kamar yana ɗan wata shida, har fiton ya kwanta.

"Ɓarawon yaji!" in ji Hajiya. "Gida bakwai ka sa na ci abin da likita ya hana ni. In na mutu kai ne."

"Wallahi, Hajiya, saura kaɗan a kwalbar," ya ce yana dariya, idonsa ya yi ja. "Kullum tsoro nake ji ya ƙare. Shi mutane ke zuwa ci."

Na tambaye shi ko zai biyo ni gida. Ya sunkuyar da kai. "Ba yau ba, Umma." Ban matsa ba. Ya karɓi biron ya rubuta lambarsa a ƙarƙashin rubutuna, na ninke na sa a inda abin fesawar yake zama.

Ragowar na kawo gida a kwali, wannan karon na juye a faranti na ajiye gaban babansu tare da shayinsa. Ya daɗe yana kallo. Ya ɗauki yanki ɗaya ya ci, ya tsaya da taunawa. Shekara ashirin da biyar yana cin yajin nan.

Bai dube ni ba. Ya gama yankin, ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

"Ki ce masa ya riƙa rufe hanci in zai juye fulawa," ya ce.

Washegari da safe na fito da turmi.