Lambar Jamus a wuyan Innarmu

"Tsaya, 'yata! Meye wannan a wuyanki?"

Haka wani tsoho mai sayar da asuwaki ya tare Innarmu a unguwar Jarwal, can ƙasa mai tsarki, ina riƙe da gefen mayafinta. Lokacin ina ƙarama, a shekarun alif ɗari tara da sittin. Wajen maƙerin azurfa za mu, a narka wani tsohon kwabo da ke jikin sarƙarta a yi mini 'yan kunne.

Ta ce, "Kuɗin da ne, Baba. Shi kaɗai mahaifina ya bari, ko fuskarsa ban sani ba."

Ya karɓa ya juya. Kan wani Bature ne a jiki, mai gashin baki da hular ƙarfe. Wallahi, tsohon nan da kullum yake a duƙe sai ga shi ya miƙe ƙyam, ya haɗa dugadugai, ya sara wa Inna! Har masu shan gahawa a gefe suka juyo suna kallo.

Ya ce, "Ya hajja, wannan ba kuɗi ba ne, lambar yaƙi ce ta Jamus. Na yi musu soja a garin Garwa lokacin yaƙin duniya na farko, a idona ake rataya irinta. Sai wanda ya tsaya ranar da kowa ya gudu. Ubanki namiji ne."

Inna ta karɓi abinta ta mayar wuya. Muka juya gida, hannunta na kan ƙirji.

Yau jikana mai tara irin waɗannan lambobi ya duba ta, ya ce tsohon bai yi kuskure ba.

Saura ƙiris in sa kakana a kunne. Ku fa, me kuka kusa narkawa a gidanku?